AKUSHIN INNA DA MIYAR DA BA NAMA

 Yau labarin ɗakin mahaifiyata na zo muku da shi. Na daɗe ina juya shi a raina, ina cewa abin cikin gida ne, a bar shi a gida. Sai na lura kusan kowane gida a garin nan akwai irinsa, shi ya sa na ce bari in faɗa, wataƙila wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya ɗora kayan uwarsa a sikeli.

Bayan kakar bara ne, an gama ɗaurin damma an zuba a rumbu. Na taho daga Dakoro inda nake koyarwa don in kwana biyu a gida. Ina sauka daga mota na hangi amalanke a ƙofar gidanmu, da wani saurayi mai sayen tsohon ƙarfe ya rataye sikelinsa yana awo. Tun daga nesa na gane kwallar. Fara ce mai jan fure, bakin murfinta ya ɗan ɓantare, a cikinta Inna ke ɓoye mana ƙuli-ƙuli muna yara. Ga ta nan kan sikeli tare da wani tsohon bokiti da karyayyar hauya.

Ko sallama ban gama ba na ce, "Malam, dakata. Sauke wannan."

Matar Yaya ta fito tana yi mini lale. Ta ce, "Ai tarkacen ɗakin Inna ne munka hiddo. Ɗakin za a share, yarinya ta samu wurin aje kayan aurenta."

Na tambayi saurayin nawa ya saya. Tasa 2, kwalla, kwanukan sha 5 da tsohuwar fitilar ƙwai, duka jika 3. Na ciro jika 3 na ba shi, na ƙara masa dala 100 ladan wahala, na kwashe kayan na shige da su ciki. Da daddare Yaya ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "Ke dai ba ki rabo da abin mamaki. Mutane na sayen sabo, ke kina sayen tsoho, tsohon ma na gidanku. Mi za ki yi da wanga tarkace?" Ban ba shi amsa ba, don a lokacin kuka ya fi magana kusa da bakina.

Da safe na bi gidan lungu-lungu. Akushin Inna, baƙi wanda aka sassaƙa da icen ɗanya, na same shi a garke ana zuba wa awaki dusa. Tandar masa tana kife ƙarƙashin rumbu, kaza ta yi sheƙa a gefenta. Na tsinto faifai 3, maburgi, muciyar da hannun Inna ya cinye wa gindi har ta yi santsi, da ƙwaryar furarta mai ɗinki biyu. Waɗannan ko mai tsohon ƙarfe ba zai karɓa ba, shi ya sa suka tsira.

Yaran yanzu ba su tarar da ɗakin jere na da ba, bari in ɗan zana muku shi. In ka shiga ɗakin mace a zamanin su Inna, bango guda cike yake da kaya tun daga ƙasa har kusa da rufi, an ɗora ƙarami kan babba. Kakanninmu da ƙore suka yi nasu jeren, farare tas, an yi musu zane da wuƙa ko da wuta. Bayan su tasa ta shigo, mai nauyi, wadda in ka ƙwanƙwasa ta sai ta yi ta amo. Sannan kwano mai fenti ya zo, kwalla da langa da kumbo, 'yan kasuwar Maraɗi na ɗauko su daga Kano suna hawowa da su har kasuwannin ƙauye. Na farko-farkon daga ƙasashen waje ake kawo su, a gindin kwallar Inna har yau ana iya karanta Hong Kong. Daga shekarun 1960 aka riƙa ƙera irinsu a Najeriya, suka yi sauƙi, kowace amarya ta samu. Yau kuma zamanin kula ne da roba da gilashi 'yan ƙasar Sin.

Jeren nan shi ne asusun mace. Uwa na fara tara wa ɗiyarta tun tana goye, kwano ɗaya yau, ɗaya bayan kaka, daga kuɗin fura ko na ƙuli. Kayan nata ne ita kaɗai, in aure ya mutu da su take fita. Ranar da rumbu ya ƙare ko yaro ya kwanta ciwo, sai ta zare ɗaya daga inda ido ba ya kaiwa ta aika kasuwa a ɓoye. Wanda ya iya karatun bango yana gane shekarun da gida ya sha wuya daga giɓin da ke cikin jere. An ce mini Inna da tasa 12 ta shigo gidan Baba. Yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta ci mafi yawansu. Ta 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, ta ci saura. Biyu suka rage, su ne na tarar a sikeli.

To me ya sa abin ya taɓa ni haka, ni da na yi shekaru ina girki da tukunyar dalma a kan gaz? Dalilin ya faro ne daga ciwo. Shekara 4 da suka wuce likita ya auna ni ya ce jinina ya hau. Ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri, in rage kitse, in yi hattara da dunƙulen miya na kanti don gishiri ne cike da shi. Na koma gida na zauna gaban tukunya, na gane ba miyar da na iya in ba da dunƙule 3 ko 4 ba. Sati biyu ina cin abinci salam kamar mai jinya. A lokacin Inna na da rai, tsufa ya kama ta amma hankalinta garau. Da na zo hutu na ce, "Inna, ku da ba dunƙule ba nama, da mi kuke sa miya ta yi daɗi?" Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Da hannu, ɗiyata. Ɗauko turmi."

Hutu uku na yi ina zaune kusa da ita ina koyo, kafin Allah ya karɓi abinsa. Farkon darasi daddawa ce. Mu nan arewa ɗorawa ba ta yi, kalwa sai an kawo daga kudu, don haka tamu daddawar ta batso ce, daga 'ya'yan yakuwa. A wanke su, a dafa su tun safe har su yi laushi, a zuba a tukunyar ƙasa a rufe ruf a bar su kwana biyu zuwa uku su ruɓa. A daka da ɗan ruwan toka, a sake rufewa, sannan a dunƙula a shanya. Warinta na korar baƙo daga tsakar gida, amma ita ce ke ba miya wannan nauyin a harshe da muke zaton nama kaɗai ke bayarwa. Inna na soya albasa da man gyaɗa har ta yi ja, ta zuba dakakken tattasai da daddawa da citta da ɗan masoro, ta bar su su daɗe kan wuta kaɗan kafin ruwa ya shiga. In ya tafaso ta jefa wake hannu ɗaya wanda aka surfa aka cire masa ƙona, ya dahu ya narke, sannan ta kaɗa kuka da maburgi. Ranar da na fara yin ta ni kaɗai na ci tuwo malmala biyu.

Daga nan sauran suka biyo. Dambun gero da zogale, a barbaɗa ƙuli a zuba mai. Kwaɗon tafasa da na yaɗiya da damina, na rama da kaka. Ɗanwake da garin wake da kuka da ruwan kanwa. Ƙosai, alala, wake da hatsi, faten kabewa, miyar busasshiyar kuɓewa, miyar gyaɗa da sure. Awara ma na koya wurin wata maƙwabciyata a Dakoro, da waken suya da ake kawowa daga Najeriya, a markaɗa a tace a dafa a zuba ruwan tsami ta kame. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shinkafa ta yi tsada albashi ya daina kai ƙarshen wata, sai abin da na fara don lafiya ya koma rufin asirin aljihu.

Ana cikin haka ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta zo mini hutu. Ta yi sati tana cin girkina, ran nan ta aje cokali ta ce, "Tanti, ai ke kin zama began ba ki sani ba." Na ce mene ne kuma began? Ta ce mutane ne da suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba kifi, ba nono, ba ƙwai, har zuma ba su sha. A Ingila aka raɗa sunan a 1944, wani mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya a kai. Wasu don tausayin dabba suke yi, wasu don lafiya, wasu don kare muhalli. Ta buɗe wayarta ta nuna mini matan Turai da Amurka suna zuba dafaffen wake a tsohon kwano mai fenti suna ɗaukar hoto, wai kasuwar gwanjo suke bi suna neman irin kwanukan da kuɗi mai yawa. Na ƙura wa wani ido, fari mai shuɗin baki. Wallahi irinsa ne muke ba kaji ruwa da shi.

Na yi dariya ranar, amma na kwana ina tunani. Mu fa a bakin kwarin Tarka muke, inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo, Bermo da Gadabeji na arewa da mu. Ko'ina ka duba bisashe ne. Duk da haka a gidan talaka nama sai ranar kasuwa in an samu, sai suna, sai biki, sai layya. Akuya dukiya ce, ana ajiye ta don ranar buƙata. A tashina muna yin kwana 20 tukunya ba ta ga tsoka ba, kuma ba wanda ya ba abin suna. Abin da ake wa ado a hoto can, shi muke jin kunyar sa wa baƙo a nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, mu da muke cikin ƙasashen da suka fi kowa noma shi a duniya muna ganin tuwonsa abincin wanda bai samu shinkafa ba ne. Wake kuwa Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya, amma yawancin namu buhu-buhu yake ƙetare iyaka.

Kada a fahimce ni a baibai. Ni ban zama began ba, kuma ban zo kiran kowa ya zama ba. Nama halal ne, in an yi layya ina ci, furata da nono nake damawa, kuma maƙwabtanmu Fulani da Buzaye da nonon nan suke rayuwa, tun kaka da kakanni muke musayar hatsi da shi. Sannan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa: jiki na buƙatar bitamin B12, wanda ba a samunsa a ganye da hatsi, su masu wannan tsarin a Turai ƙwayarsa suke sha. A jiha irin tamu ta Maraɗi da tamowa ke kwantar da yara kowace damina, duk wanda ya hana yaro ko mai ciki ko mai shayarwa nono da ƙwai da sunan wayewa ya cuce su. Abin da nake cewa kawai, babban mutum na iya cin girkin gona kwana da kwanaki ya ƙoshi ya ji daɗi, kuma bai kamata ya sunkuyar da kai don tukunyarsa ba nama ba.

Abin da na gano a hankali shi ne girkin nan da kayan nan tare suke tafiya. Na yi ta gwada masa a tandar ƙarfe a Dakoro, bayanta ya ƙone cikinta bai nuna ba. Da na wanke tandar Inna na shafe ta da mai na ɗora, sai ga masa ta tashi, gefenta ya yi ƙus-ƙus cikinta laushi, saboda ƙasa a hankali take ɗaukar zafi kuma ta riƙe shi daidai. Tuwo a kula gumi yake yi ya jiƙe, a akushi kuwa icen na shanye gumin, ka rufe da faifai ya kai dare da ɗuminsa. Fura a roba kafin la'asar ta canja, a ƙwarya tana nan da sanyinta. Wake a tukunyar ƙasa ba ya kamu da wuri. Inna ba ta taɓa yi mini bayanin wannan ba, ita dai ta san ba a dama fura sai a ƙwarya.

Gashi ne ya fi ba ni wuya. Na so in yi gato, ko kek kamar yadda 'yan Najeriya ke cewa, ba ƙwai ba madara ba bota. Na farko da na yi ko almajiri ya ƙi karɓa, ya fito kamar tubali. Na biyu ya tashi ya faɗa a tsakiya. Sai na tuna yadda Inna ke zuba ruwan kanwa a ƙullun masa mai tsami ya yi kumfa. Ashe sirrin kenan, tsami da kanwa in sun haɗu iska suke fitarwa, iskar ce ke ɗaga ƙullu. Yanzu ga yadda nake yi: fulawa gwangwani 2, garin gero mai laushi gwangwani 1, dabino hannu biyu a jiƙa a cire ƙwallo a dame shi, man gyaɗa rabin gwangwani, bikarbonat ƙaramin cokali 1, sai ruwan tsamiya ludayi ɗaya a ƙarshe. Da zarar tsamiya ta shiga kada a tsaya hira. A zuba a kwanon da aka shafa wa mai, a ɗora cikin babbar tukunya da aka shimfiɗa wa rairayi ya yi zafi, a rufe, a zuba garwashi kan murfin. Wuta kaɗan a ƙasa, kuma kada a buɗe kafin minti 40. In kin soka tsinke ya fito a bushe, ya yi.

Amma gashin da ya fi shiga raina akuri ne. Yara da yawa yanzu ko sunansa ba su sani ba. Busasshiyar magarya ake dakawa sama-sama don kada ƙwallon ya fashe, a tankaɗe garin, a yayyafa masa ruwa kaɗan. Inna na haƙa ɗan rami ta hura wuta ciki, in ya yi zafi ta kwashe garwashin ta shimfiɗa ganye, ta danna garin ta rufe da ganye da rairayi mai zafi. In an tono sai ya fito dunƙule guda, ja-ja, mai zaƙi da ɗan tsami, ba sukari ba mai, kuma yana wata bai lalace ba. Shi ne guzurin matafiya da makiyaya. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sarrafa magarya da aduwa da anza yana sa su a leda yana sayarwa a birni. Mu kuma muna barin magarya na zuba awaki na ci.

Wata biyu bayan rigimar sikeli, matan dangin ango suka sa ranar zuwa ganin gida. Na ce wa matar Yaya ta bar mini girkin. Yaya ya ji ya ce, "A'a, kada ki kunyata mu da ganyenki. Baƙi ba nama, a ce da mu mi?" Ya sa aka yanka zabbi 2. Ban yi musu ba, gaskiyarsa ce, gidansa ne kuma ɗiyarsa ce. Matarsa ta yi farfesu, ni kuma na yi tuwon gero da miyar kuka ta Inna, dambun zogale, masa, gato da akuri. Na goge tasoshin nan da toka da tsamiya har suna ɗaukar ido, na zuba dambu a ɗaya masa a ɗaya, tuwo a akushi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zabbin aka fara gamawa. Amma akushin ma wayam ya dawo, kuma wata dattijuwa cikin baƙin ta aiko a tambayo wa ya yi daddawar. Da aka kai akuri ta ɗauka ta juya shi a hannu ta ce rabonta da shi tun tana budurwa, ta ƙulle guntu a bakin zane za ta kai wa mijinta.

Bayan baƙi sun tafi, Iya ƙanwar Inna ta ce a miƙo mata babbar tasar. Ta kife ta, ta shafa wata 'yar lotsawa a gindinta, ta yi shiru. Can ta ce, "Kun san wagga tasa ta taɓa barin gidan nan?" Ba wanda ya sani, har Yaya. Ta ce ta uwarsu ce, da ita aka hawo daga Tsibirin Gobir lokacin da kakanninmu suka zo neman ƙasar noma. A El Buhari, da hatsi ya ƙare aka koma jiƙa anza kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin kafin a ci, Yaya ya kwanta har ba ya iya ɗaga kai. Inna ta sayar da sauran tasoshin, wannan kuwa ta kasa. Ta kai ta jingina wurin wata mata a kan tiya 4 ta hatsi, ta roƙe ta kada ta sayar. Da hatsin aka yi wa Yaya kunu har ya tashi. Da ruwa ya dawo Inna ta kafa tanda a ƙofar gida, shekara biyu tana toya masa tana tara dala-dala, har ta je ta fanso tasar uwarta. Iya ta nuna tandar da ke jingine a bango ta ce, "Waccan ce ta maido wagga."

Yaya na zaune bakin ƙofa. Bai ce komi ba, ya tashi ya fita, sai bayan isha'i ya dawo.

Ina so in yi wa matar Yaya adalci, don kada a ɗauka ita ce mai laifi a labarin nan. Ita ta yi jinyar Inna shekara 3, ni ina Dakoro ina zuwa hutu. Ɗaki ɗaya ne, kayan aure na shigowa, kuɗi kuma ana nema ko ta ina. Ba wanda ya taɓa gaya mata labarin tasar, mu 'ya'yan ma ba mu sani ba. Kuma tsohon kaya na da wahalarsa. Tukunyar ƙasa na fashewa, tasa na son guga, girkin da nake yabo yana cin daka da surfe da itace, kuma bayan mace ne ke biya. Ni ma injin niƙa nake kai hatsina, kuma ba na fatan ɗiyar kowa ta sake jiƙa anza don yunwa. Laifin namu ne da ba mu tambaya ba tun masu labarin na da rai.

Ga mai irin kayan nan a gida, ga ɗan abin da na koya. Akushi ba a barinsa cikin ruwa ko cikin rana, tsagewa yake. A wanke a goge nan take, lokaci-lokaci a shafe shi da man gyaɗa. Tasa toka da tsamiya ke fito da ita, amma kada a bar abu mai tsami ya kwana a ciki, tana yin kore kuma koren nan guba ne. Kwanon da fentinsa ya ɓantare ta ciki har tsatsa ta fito a daina cin abinci mai ruwa da shi, a mai da shi ma'ajin ƙuli ko daddawa ko dabino. Ƙwarya in ta tsage ana ɗinke ta, a nemi tsofaffin da suka iya tun suna nan. Tanda kuwa a ajiye ta a kife inda ba raɓa.

Mun raba kayan kafin biki. Na miƙa wa amarya akushi ta ce, "Gwaggo, ƙawayena dariya za su yi mini." Ban matsa mata ba. Amma tasar da kanta ta zo ta tambaya, yanzu tana saman jerenta tsakiyar kuloli masu ruwan zinariya. Ƙaramar tasar na wurin ƙanwata, kwallar na bar wa matar Yaya kuma na ga ta fara ɓoye wa jikokinta ƙuli a ciki. Tanda da ƙwarya da muciya suna wurina a Dakoro, duk Juma'a nake toya masa. Akushi na bar shi gida. Har yau Yaya bai ce mini na yi daidai ba, kuma na san ba zai faɗa ba. Sai dai matarsa ta gaya mini in aka kai masa tuwon dare a kula yakan ce a juye masa a akushi.

'Yan uwa, masu sayen tsohon ƙarfe za su sake zagayowa bayan kakar bana, kuma ba laifinsu ba ne, sana'arsu suke. Kafin ku fitar da abin da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa, ku kai shi gaban wadda ta fi kowa shekaru a dangi ku ce ta ba ku labarinsa. In kun ji kuka ga sayarwa ta fi, ku sayar. Wadda kuma uwarta ko kakarta ke raye, ta ɗauki turmi ta zauna kusa da ita ta koyi daddawa da akuri tun yau.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya saka musu da Aljanna kan wuyar da suka sha a kanmu. Ya ba mu damina mai albarka, ya sa rumbunanmu su kai mu wata kakar. Amin.